Masu Zanen Fostar da Ba Ta Karantuwa

Darasin farko da ake ba mai zanen talla shi ne ya rubuta abin da mai wucewa zai karanta ba tare da ya rage sauri ba. Suna ya fito ɓaro-ɓaro, rana da wuri su zauna a fili, in da hali baƙar tawada a kan farar takarda. Tsakanin 1966 da 1971 wasu matasa 'yan ƙalilan a birnin San Faransisko na Amurka sun ci abinci da taka wannan ƙa'ida. Sana'arsu zana fostar tallan wasan kiɗa, kowane mako sabuwa, kuma suna yin ta yadda sai mutum ya ja birki, ya karkata kai, wani lokaci har ya bi haruffan da yatsa, kafin ya gane wa zai yi wasa, a ina, yaushe. Duk da haka gidajen rawan cika suke yi.

Kiɗan da ake tallatawa shi ake kira saikedelik. Ya tashi ne a unguwar Haight-Ashbury, inda tsofaffin gidaje masu arhar haya suka tara ɗalibai da makaɗa da samarin da suka juya wa yaƙin Biyetnam baya. Ƙungiyoyi irin su Grateful Dead da Jefferson Airplane da Quicksilver Messenger Service da Big Brother and the Holding Company sukan ja waƙa ɗaya ta yi minti ashirin, jita tana kuka tana shawagi, a bayansu kuma ana haska bango da mai da ruwa masu launi da ake jujjuyawa a faranti a kan na'urar haska hoto. Ba a raba wannan duniya da sinadarin LSD, wanda Albert Hofmann ya haɗa a Siwizalan a 1938, kuma ba laifi ba ne shan sa a jihar Kalifoniya sai daga 6 ga Oktoba, 1966. Masu shan sa sukan ce launuka na motsi, bango na numfashi. Abin da masu fosta suka sa a gaba shi ne su sa busasshiyar takarda ta yi wa lafiyayyen ido irin wannan wasa.

Iyayen gidan sana'ar biyu ne, kuma halinsu ya sha bamban. Bill Graham, wanda aka haifa a Balin a 1931 ya tsere wa 'yan Nazi yana yaro, shi ke da gidan rawa na Fillmore. Ɗan kasuwa ne na gaske, mai faɗa, mai ƙirga kowane tikiti. Chet Helms, mai gemu da dogon gashi, shi ke shirya wasa a Avalon Ballroom da sunan Family Dog tun Afrilun 1966, kuma shi ya ɗauko mawaƙiya Janis Joplin daga Texas ya haɗa ta da Big Brother. Dukansu biyu suna buƙatar fosta saboda dalili ɗaya. A farkon 1966 yawancin makaɗan nan ba su da faifai a kasuwa. Jefferson Airplane sai a Agustan shekarar ta fitar da kundinta na farko, Grateful Dead kuwa sai Maris na 1967. Wanda ba shi da faifai, rediyo ba ta san da zamansa ba. Abin da ya rage shi ne falwaya da tagar shago da bangon gidan shayi.

To ga yadda makon mai zane yake tafiya. Mai shirya wasa zai bugo waya ya karanto sunayen makaɗa da ranaku da wuraren sayar da tikiti, sau da yawa a ƙurarren lokaci, don shi ma bai gama ciniki da makaɗan ba sai a lokacin. Saura 'yan kwanaki a liƙa. Mai zane zai ɗauki fensir ya tsara a kan kwali mai kauri, sannan ya bi da alƙalami da buroshi da baƙar tawada. Kowane harafi da hannu ake yin sa. Babu kwamfuta, kuma haruffan dalma da ke maɗaba'a ba sa lanƙwasuwa. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mai fenti yana rubuta karin magana a bayan gingimari, yana miƙe wannan harafi yana matse wancan don maganar ta cika allon daidai, ya ga asalin wannan aiki, sai dai a nan allon na iya zama siffar gashin mace ko harshen wuta ko gilashin tabarau.

Abin da ya fi ɗaure wa baƙon sana'ar kai shi ne zanen da ake kaiwa maɗaba'a ba shi da launi ko ɗaya. Injin da ake bugawa da shi launi ɗai-ɗai yake ɗauka, kowane launi da farantin ƙarfensa. Saboda haka mai zane zai shimfiɗa leda garai-garai a kan zanensa, ya cike da baƙi duk inda yake son ja ya sauka. Ya ɗaga ta, ya shimfiɗa wata, ya cike inda shuɗi zai sauka. Wasu wuraren da wuƙa mai tsini yake yanke su daga wata jar leda ta musamman wadda kyamara ke gani baƙa. A kusurwoyi yana sa 'yar alama irin ta tarawa a lissafi, don a daidaita ledojin kan juna. A maɗaba'a a ɗauki hoton kowace leda, a mayar da shi kan faranti, a naɗa farantin a jikin injin. Faranti ya shafa wa roba tawada, roba ta shafa wa takarda. Takarda ɗaya sai ta ratsa injin sau uku in launi uku ne, kuma kowane ƙarin launi ƙarin kuɗi ne da ƙarin lokaci. Shi ya sa gwani ke lissafin inda zai hau da rawaya kan shuɗi ya sami kore a kyauta. Duk wannan a ka yake yin sa. Ba zai ga fostarsa da launinta ba sai takardar farko ta faɗo daga injin, lokacin da gyara ya riga ya yi tsada.

Wannan shi ya sa ban cika yarda da masu cewa maye ne ya zana fostocin nan ba. Maye ya ba da abin da ake son a kwaikwaya, wannan gaskiya ne, kuma masu zanen ba su ɓoye cewa suna cikin wannan rayuwa ba. Amma yankan leda da wuƙa a kan layin da bai kai kaurin ashana ba, da riƙe launuka uku a ƙwaƙwalwa ana kallon baƙi da fari, da kai aiki ranar da aka ce, aikin mai natsuwa ne wanda hannunsa ba ya rawa.

Wanda ya buɗe hanyar shi ne Wes Wilson. Bai yi dogon karatun zane ba, amma yana aiki a wata ƙaramar maɗaba'a mai suna Contact Printing, ya san abin da inji zai iya da wanda ba zai iya ba. Ya ci karo da haruffan Alfred Roller, wani mai zane na birnin Biyana a farkon ƙarni na 20, waɗanda suke kamar tubala: kowane harafi ƙaton murabba'i ne, 'yar tsaga siririya ce kawai ke bambanta wannan da wancan. Wilson ya ɗauki tubalan nan ya narkar da su. A fostar da ya yi wa Fillmore a Yulin 1966, ta wasan ƙungiyar The Association, sunayen makaɗa ne da kansu suka zama harsunan wuta, jajaye, suna tashi a kan koren fili. Daga nesa gobara kake gani. Sai ka matso za ka ga ashe gobarar rubutu ce. Ana ba da labarin cewa Graham ya yi ƙorafin ba a iya karanta aikinsa, Wilson ya mayar masa da cewa ai rashin karantuwar ne zai sa su tsaya. Akwai kuma wata riba da ba a faɗa ba. Saurayin unguwa da ya saba da salon yakan karanta cikin daƙiƙa kaɗan, mahaifinsa kuwa ya wuce bai san an yi magana ba. Fostar tana zaɓen wanda take gayyata. Wilson ɗin nan ne kuma ya zana fostar wasan ƙarshe da 'yan ƙungiyar Beatles suka yi na sayar da tikiti, a filin Candlestick Park ranar 29 ga Agusta, 1966.

Victor Moscoso ta wata ƙofa ya shigo. An haife shi a Sifaniya a 1936, ya yi karatun zane a Cooper Union, sannan a jami'ar Yale a hannun Josef Albers, malamin da ya ƙare rayuwarsa yana nazarin yadda launi ke sauya kama idan an ajiye shi kusa da wani. A aji an nuna masa haɗin da ake gudu: launuka biyu masu adawa, kamar ja da shuɗi ko ja da kore, idan haskensu ya zo ɗaya kuma suka haɗa iyaka, ido ya kasa tsayar da iyakar, sai ta riƙa kyarma. Mai zanen talla na kirki ba ya kusantar wannan, don yana gajiyar da ido. Moscoso ya mayar da shi jarinsa. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa juya duk abin da aka koya masa ya yi. Dubi fostar da ya yi wa Chambers Brothers a 1967: fuskar mace ce ta cika takardar, da ƙaton tabarau, kuma duk bayanin wasan yana cikin gilasan tabarau ɗin, cikin launukan da ke faɗa da juna har ka ji idonka na neman hawaye. Wasu ayyukan nasa ma ya tsara su ne yadda in fitilar gidan rawa ta sauya daga ja zuwa shuɗi, wani sashe ya ɓace wani ya bayyana, hoton ya zama kamar yana motsi.

A nan ne mai injin ya zama rabin sana'ar. Kyarmar da Moscoso ke nema ba ta faruwa sai launukan biyu sun taɓa juna ba rata. In faranti ya goce da kaurin gashi, farin layi zai ɓullo a tsakani ya kashe wasan, in kuma suka hau juna sai a sami baƙin datti a iyaka. Shi ya sa masu zanen kan bi aikinsu har maɗaba'a, su tsaya a gindin injin ana dama tawada, suna cewa a ƙara wannan a rage wancan. Levon Mosgofian, mai maɗaba'ar Tea Lautrec Litho wadda ta buga yawancin fostocin Graham daga 1967, ya yi suna wajen haƙuri da waɗannan samari da nemo musu dabara. Ɗaya daga dabarun zamanin ita ce a zuba tawada kala biyu ko uku gefe da gefe a kwamin injin, a bar na'urar ta murza su, sai takarda ta fito da launi yana narkewa daga rawaya zuwa ja a bugu ɗaya. Kuɗin launi ɗaya, kyan launi biyar. Sunayen masu injin ba su cika fitowa a littattafan tarihin zane ba, kuma wannan rashin adalci ne.

Stanley Mouse da Alton Kelley su biyu suke aiki a tebur ɗaya, ɗaya bahago ɗaya na dama, kafaɗa da kafaɗa. Mouse a Detroit ya tashi, ya koyi hannu yana fesa zanen motocin tsere a jikin riguna a wuraren baje koli. Kelley shi ne mai idon tsinto hoto. Ma'ajiyarsu laburaren birnin ne, inda sukan wuni suna buɗe tsofaffin littattafai. A can suka ga wani zanen baƙi da fari da Edmund J. Sullivan ya yi wa bugun 1913 na Rubaiyat, waƙoƙin Umar Khayyam na Farisa da aka mayar Turanci: ƙwarangwal da rawanin furen wardi a ka. Suka ɗauke shi, suka ba furannin ja, suka kewaye shi da shuɗi da haruffan Mouse, ya zama fostar Grateful Dead a Avalon ta Satumban 1966. Har yau da wannan ƙwarangwal ake gane ƙungiyar. Haka suka yi da hoton mai gemun nan na jikin takardar naɗa taba ta Zig-Zag. Ba wanda suka tambaya izini. A wannan fanni sana'ar ba ta da kunya ko kaɗan: tsofaffin tallace-tallace, zanen Faransa na ƙarshen ƙarni na 19, gumakan Indiya, hotunan dattawan 'yan asalin Amurka, duk kwasa ake yi. Na ƙarshen nan ya fi damuna, don mutanen da aka ƙwace wa ƙasa aka mayar da fuskokinsu adon tallan rawa, har tambarin Family Dog kansa hoton ɗayansu ne da doguwar hula.

Rick Griffin shi ne wanda sauran suka sallama wa a wajen alƙalami. Ɗan kudancin Kalifoniya ne, mai wasan hawa igiyar ruwa, ya fara da zanen barkwanci a mujallar Surfer. Shi ya zana ɗaya daga fostocin babban taron Human Be-In na 14 ga Janairu, 1967, kuma shi ya rubuta sunan mujallar Rolling Stone da ta fito da shi a shekarar. Aikinsa da ya fi shahara na Fabrairun 1968 ne, na wasan Jimi Hendrix da John Mayall da Albert King: ƙwayar ido guda, da fukafukai da ƙafafu masu farata, riƙe da ƙoƙon kai, tana fitowa ta wani rami mai ci da wuta. Abin tsoro ne, amma ka duba layukan, ba inda alƙalamin ya yi tuntuɓe. Wajen 1970 ya rungumi addinin Kirista da gaske, ya koma zanen abin da ya shafi addini. Hatsarin babur ya kashe shi a 1991.

Mace ɗaya ce ta yi fice a cikinsu, Bonnie MacLean. Aikin ofis take yi a Fillmore, tana kuma rubuta sunayen makaɗa da alli a allon cikin zauren. Da Wilson ya tafi a 1967 sai aikin ya faɗo hannunta, ta yi fosta wajen 30, da fuskoki masu sanyin kallo da gashin tsuntsu da bakan gine-ginen coci. An daɗe ana ambatonta a matsayin matar Graham kawai, don sun yi aure a shekarar, kafin a dawo a kalli aikin da kansa.

Tafiyar Wilson kuwa kan kuɗi ce, kuma a nan gizo ke saƙa. Da farko fosta abin yarwa ce, a buga 'yan ɗaruruwa, a liƙa, ruwa ya ci. Sai aka lura ana liƙawa ana ɓallewa, samari na kai su ɗaki suna mannawa a bango. Graham, da ba a yi masa wayo, ya ƙara yawan bugu, ya riƙa raba wa masu fita daga wasa, ya sa lamba a kowace, ya sake buga tsofaffi yana sayar wa shaguna a faɗin ƙasa da ƙetare. Fostocinsa masu lamba sun haura 280. A Satumban 1967 mujallar Life ta sa haukan fosta a bangonta. Mai zane kuwa sau ɗaya aka biya shi ladan aikinsa, haƙƙin mallaka yana hannun mai gidan rawa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wilson ya nemi kaso, ba su daidaita ba, ya ajiye aikin, daga baya ya koma jihar Missouri ya kama kiwon shanu. Moscoso ya fi su hangen nesa. Ya kafa kamfaninsa, Neon Rose, ya je wa wani ƙaramin kulob mai suna The Matrix da tayin zai ba su fostar talla, shi kuma zanen ya zama nasa ya buga ya sayar. A Yulin 1967 su biyar, Wilson da Moscoso da Griffin da Mouse da Kelley, suka yi baje kolin haɗin gwiwa a Moore Gallery, alamar sun fara ɗaukar kansu masu fasaha da ke da suna, ba 'yan ƙwadagon mai gidan rawa kaɗai ba.

Salon ya yaɗu da sauri. A Landan Michael English da Nigel Waymouth suna yi wa kulob ɗin UFO nasu da bugun siliki, har da tawadar zinariya da azurfa. A Detroit Gary Grimshaw yana yi wa Grande Ballroom. Kafin a jima kamfanonin talla sun kwafe lanƙwasassun haruffan suna sayar da lemo da su.

Unguwar da ta haifi abin ba ta daɗe da lafiya ba. Bazarar 1967 ta kwararo da dubun-dubatar matasa Haight-Ashbury, da yawansu ba wurin kwana, har Dokta David Smith ya buɗe asibitin kyauta a watan Yuni don masu fama da ƙwaya da cututtuka. Hodar heroin da ƙwayoyin hana barci suka maye gurbin abin da aka fara da shi. Hendrix ya mutu a Satumban 1970, Joplin a Oktoba, kowannensu yana da shekara 27. Avalon ta rasa lasisinta a ƙarshen 1968 bayan ƙorafin hayaniya, Graham ya rufe gidan rawarsa na Fillmore West a Yulin 1971. Makaɗan sun girma sun koma filayen wasa, tallarsu ta koma rediyo da jarida, ba mai buƙatar a liƙa takarda a falwaya. Masu zanen suka watse zuwa bangon faifai da littattafan barkwanci. Mouse da Kelley suka yi wa ƙungiyar Journey bangon kundi, Moscoso da Griffin suka shiga mujallar Zap Comix.

Yau akwai wata sana'ar da ta tsiro a kan waccan, ta masu tantancewa da dillanci. Tunda an sha sake bugawa, kuɗin yana ga bugun farko, wanda aka yi kafin ranar wasa. Dillali zai auna faɗin takarda da kaurinta, ya duba bayanta, ya nemi ɗan tabon da faranti ya bari a bugu na farko wanda babu a na biyu, ya haska ta ya ga ko an yi mata kwaskwarima. Ramin ƙusa a kusurwa yana rage daraja, amma shaida ce cewa ta taɓa hawa bango. Bugun farko mai tsabta na ƙwarangwal da wardi ya haura dala 100,000 a gwanjo, takardar da aka raba kyauta.

Su kuma masu zanen fostar kiɗa na yanzu, waɗanda Frank Kozik ya sake buɗe wa kasuwa daga birnin Austin wajen 1990, sun koyi darasin Wilson. Yawancinsu da bugun siliki suke aiki, adadi ƙayyadadde, kowace takarda da lambarta da sa hannu da fensir, ana sayarwa a teburin da ke ƙofar zauren a daren wasa. Kuma tun kafin a ɗora alƙalami ake rubuta yarjejeniyar kofi nawa ne na makaɗa, nawa ne mai zane zai riƙe ya sayar da kansa.